Fashin baƙi: abin da ke hana giya shiga bayan an fitar da iskar kuloci a tsohuwar a-kori-kura

Akwai wani aiki a gareji wanda a ido bai taka kara ya karya ba, amma yakan cinye wa bakanike yini guda cur, wato fitar da iska daga kuloci mai aiki da mai a tsohuwar a-kori-kura. An canza mastan sama, wato famfon man da feda take turawa, ko an sa sababbin robobi a na ƙasa, wanda yake karɓar man a gefen giyabos, an cika ƙoƙon mai, yaro yana cikin mota yana taka feda, maigidansa kuwa yana kwance a ƙarƙashi da sifana a hannu yana kiran "taka", "riƙe", "saki". An ƙarar da gwangwanin man birki ɗaya, an fasa na biyu, amma da an tayar da inji aka nemi ribas sai giya ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. A nan ne ake yanke hukunci cikin gaggawa, ko dai a ce sabon kayan jabu ne, ko a ce har yanzu da sauran iska, a koma maimaita abin da aka riga aka yi sau huɗu bai ci ba. Duk hukuncin biyu suna iya zama gaskiya, sai dai a mafi yawan lokuta ba a yi wani gwaji da ya nuna hakan ba.

Kafin a kai ga gwajin, ya kamata a san yawan man da ake magana a kansa, domin ƙarancinsa shi ne tushen wahalar. A tsofaffin Toyota Hilux irin masu injin 2L da 3L na gas, ko 22R na fetur, waɗanda har yau suke jigilar buhuna tsakanin ƙauyuka da kasuwannin mako, faɗin ramin mastan sama bai wuce kimanin milimita 16 ba, kuma fistin ɗinsa yana tafiyar kusan santimita 3 idan an taka feda har ƙasa. Idan aka yi lissafi, man da taku ɗaya yake turawa kimanin mililita 6 ne, wato cikin cokalin shayi ɗaya da 'yan kai. Wannan ɗan man ne yake sauka ta bututu zuwa mastan ƙasa, wanda raminsa ya fi faɗi kaɗan, ya tura sandarsa abin da bai kai santimita 2 ba, sandar ta tura fok, wato ƙarfe mai baki biyu da ke shiga gidan kuloci, fok ya tura boris, boris ya danne yatsun sifirin na filet, wato farantin da ke matse faifan kuloci, sannan filet ya ja baya da kimanin milimita 2 ya saki faifan kuloci. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafa yake isa ƙasa yadda ya taso, kamar yadda Blaise Pascal ya bayyana a Faransa tun ƙarni na 17. Iska kuwa tana matsuwa, kuma ƙarƙashin irin matsin da ke cikin wannan bututu takan ƙanƙance ta kusa ɓacewa. Saboda haka kumfar iska mai girman mililita 1 kacal tana cinye kusan milimita 3 daga tafiyar sandar ƙasa, kuma wannan ya isa ya bar faifai yana gogar filawil, wato faffaɗan ƙarfen da inji yake juyawa, alhali feda tana ƙasa.

Abu na biyu da ke ruɗa mutane shi ne ɗaukar kuloci tamkar birki. A birki, idan iska ta fita feda takan yi tauri ta tsaya a tsakiya, domin takalman birki sun riga sun dafe ba su da wurin zuwa, kuma ƙafa kaɗai ta isa ta shaida cewa aiki ya yi. Fedar kuloci ko da lafiyarta ƙalau dole ta kai ƙasa, tunda sifirin take turawa, kuma sifirin ɗin filet yakan yi nauyi a tsakiyar tafiya sannan ya sassauta a ƙarshe. Don haka ƙafa ba ta isa shaida a nan ba. Abin da ya isa shaida shi ne rula: mutum ɗaya ya taka feda sannu a hankali, ɗaya ya auna tafiyar sandar mastan ƙasa daga inda ta tashi zuwa inda ta tsaya. Idan sandar ta soma motsi tun feda tana sama, kuma ta yi tafiyar da ta kai santimita ɗaya da rabi ko kusa da haka, to ɓangaren mai ya sauke nauyinsa, matsalar tana cikin gidan kuloci, kuma ko an zuba durom na man birki ba abin da zai sauya. Idan kuwa feda ta kai rabin hanya kafin sandar ta motsa, ko tafiyar ta tsaya a milimita 7 ko 8, sai a ci gaba da bincike a kan mai. A ganina wannan awo na minti biyu ya fi duk wata dabarar fitar da iska muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Idan awo ya nuna laifin na ɓangaren mai ne, tambaya ta gaba ita ce ko iskar tana da hanyar fita ma tukuna. Iska a cikin mai sama take nema. Mastan sama yana manne a bangon da ya raba inji da ɗakin direba, mastan ƙasa kuma yana can gefen giyabos, ƙasa da shi sosai. Hanyar da aka saba bi, ta taka feda a buɗe nipul, wato ɗan notin fitar da iska da ke jikin mastan ƙasa, tana nufin a kora kumfa zuwa ƙasa, kishiyar inda take son zuwa, da ɗan man da bai wuce cokali ba a kowane taku. Kumfar takan sauka, amma kafin a ɗaure nipul a ɗago feda a sake takawa ta riga ta hau ta koma inda take. Ana iya yin haka sau hamsin ana ganin tsabtataccen mai yana fita, alhali iskar tana kai da komo a tsakiyar bututu. Lamarin ya fi muni inda bututun yake da doro, wato ya hau sama da bakin masta kafin ya gangara, domin a ƙololuwar doron ne iska take kwanciya. Ana yawan samun irin wannan a motocin da aka juya musu sitiyari daga dama zuwa hagu, inda aka lanƙwasa bututun da hannu ko aka naɗe rarar tsawonsa kamar gammo.

Maganin da ya dace da ɗabi'ar iska shi ne a tura man daga ƙasa zuwa sama. Ana samun babban sirinji mai tsabta, a cika shi da sabon man birki, a haɗa shi da nipul ta siririn tiyo wanda shi ma an cika shi da mai don kada a shigar da wata iskar, a kwance nipul kamar rabin zagaye, sannan a tura sannu a hankali ana kallon ƙoƙon sama. Kumfa za ta riƙa ɓullowa a ƙoƙon, kuma dole a riƙa rage man da ke cikinsa don kada ya malala, domin man birki yana cin fenti, kuma inda ya zuba sai a wanke da ruwa nan take. Akwai kuma wata hanya mai kama da wannan wadda ba ta buƙatar sirinji: a kwance mastan ƙasa daga jikin giyabos ba tare da an cire bututunsa ba, a riƙe shi yadda bakin bututun zai kalli sama, a tura fistin ɗinsa ciki da hannu har ƙarshe, a bar shi ya dawo a hankali, a maimaita sau goma ko fiye. Abin kiyayewa a nan shi ne kada wani ya taka feda alhali mastan yana kwance a hannu, domin fistin zai yi tsalle ya fito, mai ya zube, a koma farko.

Amma duk waɗannan dabaru sun dogara ne ga abu guda, wato hanyar da ke tsakanin ƙoƙon mai da cikin mastan sama ta kasance a buɗe lokacin da feda take hutawa. A cikin kowane masta akwai ƙaramar ƙofa, a wasu huda ce a jikin ramin, a wasu kuma ɗan bawul ne a kan fistin, wadda take buɗewa kawai idan fistin ya koma baya gaba ɗaya. Ta nan ne sabon mai yake sauka, ta nan ne kuma iska take hawa ta fita. Idan wanda ya ɗaura sabon masta ya tsawaita sandar da ke haɗa shi da feda fiye da kima, sau da yawa da niyyar ya ɗaga kulocin sama, to fistin ba zai koma mazauninsa ba, ƙofar za ta zauna a rufe. Daga nan sirinji ba zai turu ba, mai ba zai sauka ba, feda kuma za ta yi ta tafiya a banza. Gwajin wannan mai sauƙi ne: a cika ƙoƙo, a buɗe nipul, kada kowa ya taɓa feda. Idan hanya a buɗe take, cikin ɗan lokaci mai zai soma ɗiga da nauyin kansa. Idan bai ɗiga ba, kuma an tabbatar hudar nipul ɗin ba ta toshe da laka ko tsatsa ba, sai a koma ƙarƙashin sitiyari a sassauta notin sandar a rage tsawonta. Ƙa'idar da Toyota ta bayar ga irin waɗannan motoci ita ce feda ta yi wasan milimita 5 zuwa 15 kafin a ji nauyi, kuma daga ciki milimita 1 zuwa 5 na farko su zama kafin sandar ta taɓa fistin ma. Rufewar wannan ƙofa tana da wata alama da take bayyana daga baya: mota ta tashi lafiya da safe, amma bayan tafiya mai nisa, da mai ya yi zafi ya kumbura ya rasa hanyar komawa ƙoƙo, sai kuloci ya soma sulɓi a kan hawa kamar faifai ya cinye, alhali sabo ne.

Shi kansa sabon masta yana zuwa ne cike da iska, kuma ya fi sauƙi a fitar da ita a kan benci kafin a ɗaura shi. Ana kama shi a bais, a sa ɗan gajeren tiyo daga bakinsa ya lanƙwaso ya nutse cikin ƙoƙonsa, a cika mai, a riƙa tura fistin da sukudireba a hankali har kumfa ta daina fitowa. Mutane da dama suna ganin ɓata lokaci ne, amma minti goma ne da ke tsare awa uku.

Ga wanda ya zaɓi ya tsaya a kan hanyar feda, akwai kurakurai da suke maimaituwa. Bugun feda da sauri sau ashirin kafin a buɗe nipul yana kaɗa iskar ne ta farfashe ta zama ƙananan ƙwayoyi masu kama da madara a cikin mai, waɗanda sai sun ɗauki lokaci kafin su sake haɗuwa, don haka idan aka ga man ya yi fari gara a bar motar ta huta kamar awa ɗaya. Taku ɗaya a hankali ya wadatar, a buɗe, a ɗaure, sannan a ɗago feda, kuma sau da yawa sai an ɗago ta da hannu domin babu matsin da zai dawo da ita. Idan aka ɗago kafin a ɗaure nipul, iska ta koma ciki. Ƙoƙon man kuloci kuma ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da na birki, taku kaɗan ne yake kai shi ƙasa, kuma da zarar gindinsa ya bayyana an zuƙi sabuwar iska. Sannan a dubi inda nipul yake a jikin mastan ƙasa: dole ya kasance a sama da bakin bututu. Kayan gyara da ake samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sun haɗa na motoci iri-iri masu kama da juna, kuma akan samu mastan da ramukan notinsa suka dace amma da an ɗaura shi nipul ya koma ƙasa ko gefe. Irin wannan ba zai taɓa fitar da iskarsa a ɗaure ba, sai an kwance shi an juya shi a hannu.

Akwai motar da ta yi ƙaurin suna a wannan fanni har ta cancanci a ware mata magana, wato Ford Ranger ƙirar Amurka ta shekarun 1990 mai giyabos M5OD. A cikinta mastan sama a karkace yake zaune, ɓangaren da sanda take shiga ya fi bakin fitar mai tudu, saboda haka iska takan taru a can bayan ramin inda babu ƙofar fita, kuma taka feda ba ya kai wa gare ta. Abin da ke aiki shi ne a kwance mastan tare da ƙoƙonsa da bututunsa, a miƙar da su yadda komai zai gangaro daga ƙoƙo, a karkata mastan yadda iskar za ta hau zuwa mashigar mai, a riƙa ƙwanƙwasa bututun ana ɗan tura sandar kaɗan-kaɗan har ta yi tauri ta ƙi tafiya. Tana iya yin taurin ne domin ƙarshen bututun yana da mahaɗi mai bawul da ke rufe kansa idan an zare shi. Mastan ƙasa na wannan mota kuma ba a waje yake ba, zobe ne da ke kewaye da shaf a cikin gidan kuloci, haɗe da boris, don haka ba a iya riƙe shi a hannu a juya, kuma idan ya soma yoyo babu makawa sai an sauke giyabos. Mai irin wannan mota da ya buɗe don canza faifai, hikima ita ce ya canza zoben a lokaci guda ko da bai nuna alamar lalacewa ba.

Wani lokaci kuma iskar tana fita sarai, amma tana dawowa. Alamar ita ce kuloci ya yi kyau yau, bayan kwana biyu ya sake faɗuwa, ko kuma sai an buga feda sau uku kafin giya ta shiga. Robar bayan fistin da ta tsufa tana iya zuƙo iska lokacin da feda take dawowa ba tare da ta zubar da mai mai yawa ba. A leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila, idan akwai danshi a inda sanda ta shiga bango ko fenti ya kwaile a wurin, mastan sama yana yoyo ta baya. A ɗage robar ƙura ta mastan ƙasa, idan mai ya taru a cikinta shi ma ya tafi. Akwai kuma yoyon da ba a gani, inda mai yake sulalewa ta gefen robar gaba ya koma ƙoƙo. Ana gane shi ta hanyar sa giya ta ɗaya a fili mai faɗi, a riƙe feda a ƙasa kamar rabin minti, ƙafa ɗaya tana shirye a kan birki. Idan mota ta soma jan jiki gaba alhali feda ba ta motsa ba, matsin yana zurarewa ne a cikin masta. Gwaji mafi yanke shakka shi ne a cire bututu daga bakin mastan sama a toshe bakin da noti mai irin zarensa: lafiyayyen masta marar iska zai sa feda ta tsaya cak bayan ɗan motsi kaɗan, idan kuma ta ci gaba da nutsewa a hankali to an kama mai laifi. A tsohon ramin da tsatsa ta yi wa ramuka, sababbin robobi ba sa daɗewa. Tiyon roba da ke haɗa bututun ƙarfe da mastan ƙasa shi ma yana tsufa, yakan kumbura idan an taka feda ya shanye man kamar yadda iska take yi, kuma riƙe shi a tafin hannu yayin da ake takawa ya isa a ji.

Irin man da aka zuba yana da nasa rabon a wannan lalacewa. Waɗannan motoci an ƙera su ne don man birki nau'in DOT 3 ko DOT 4, kuma su biyun suna haɗuwa da juna. Ƙa'idar Amurka ta sa mafi ƙarancin zafin tafasar sabon DOT 3 a digiri 205 na ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma a 230, amma dukansu suna shan danshi daga iska, kuma idan sun sha ruwa adadin yakan sauka zuwa wajen 140 da 155. Ga kuloci, tafasar ba ita ce babbar barazana ba sai inda bututu ya bi kusa da salansa. Babbar illar ruwan ita ce tsatsa a cikin rami, abin da ya sa gwangwanin da aka fasa aka ajiye tun damunar bara bai dace da wannan aiki ba. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kuma yana riƙe ƙananan kumfa. Mafi muni shi ne man inji ko man giya ko na sitiyari, ko da ɗan kaɗan ne daga mazurari ko sirinjin da ba a wanke ba, domin yana kumbura robobin har su toshe waccan ƙaramar ƙofa. Ruwan sabulu da wasu direbobi kan zuba idan mai ya ƙare musu a daji yana iya kai mota gari, amma idan ya kwana biyu a ciki sai an wanke layin duka an canza robobi.

Idan kuwa rula ta nuna sandar ƙasa tana cika tafiyarta amma giya tana ƙara, sai a ajiye man birki a dubi ƙarfe. Tun daga sama, fil ɗin da ya haɗa feda da sandar masta yakan cinye raminsa ya koma kamar ƙwai, wani lokaci kuma maƙalin feda ko bangon da masta yake kai ya tsage ya riƙa lanƙwasa, abin da ake gani idan an tsaya a gaban inji ana kallon masta yayin da wani yake takawa, sai dai waɗannan suna rage tafiyar ne tun kafin ta isa mai, don haka su rula za ta nuna tafiyar sandar ƙasa ta ragu. A ƙasa, fok yana tsagewa a inda yake hawa kan ƙwallon da yake juyawa a kai, ko ƙwallon ya cinye, sai sandar ta yi tafiyarta boris bai isa inda ya kamata ba. Faifan da aka ɗaura baibai, ko wanda ya lanƙwashe saboda an bar nauyin giyabos ya rataya a kansa lokacin ɗaurawa, ba zai saki ba. Ƙaramin boris da ke tsakiyar filawil idan ya kafe yakan ci gaba da juya shaf ɗin giya ko da faifai ya saki. Motar da ta shafe damuna a ajiye kuma faifanta yakan manne da filawil saboda tsatsa, feda tana tafiya daidai, nauyinta daidai, amma inji da giya sun zama abu guda.

Ribas ita ce ma'aunin ƙarshe, domin a yawancin tsofaffin giyabos ba ta da zoben da ke daidaita gudu kamar sauran giyoyi, don haka ba ta ɓoye komai. A bar inji yana aiki a hankali bayan ya yi ɗumi, a taka feda har ƙasa, a ƙirga daƙiƙa uku don shaf ya tsaya, sannan a sa ribas. Idan ta shiga shiru, a fitar da ita ba tare da an ɗaga ƙafa ba, a jira kaɗan, a sake sawa. Idan karo na biyu ya yi ƙara, wani abu yana ci gaba da juya shaf ɗin. Idan duka biyun sun shiga shiru, a ɗago feda sannu a lura da inda mota ta soma ja, wanda ya kamata ya zama da tazara mai kyau daga ƙasa, sannan a yi wa ƙoƙon mai alama da alli a sake dubawa bayan mako guda.